Yadda ake farfaɗo da gonar da ta gaji: sassaben zamani da tassa

Idan gonarka ta kai matsayin da iskar bazara ke binne maka shuka sai ka maimaita sau biyu ko uku kafin gero ya kama, ko kuwa wani sashenta ya zama fako, ruwa ya sauka ya wuce ko rabin yatsa bai shiga ba, to wannan bayani naka ne. Ba ya buƙatar tarakta, ba ya buƙatar sayen dashe. Abin da za ka tanada shi ne adda mai kaifi, diga, takin gida, da haƙurin damina uku.

A hekta ɗaya ta gonar tudu za ka iya samun kututture masu rai fiye da yadda kake zato. Duk kalgon da kake sarewa kowace bazara, da sabarar da kake tarawa ka cinna wa wuta, itatuwa ne da aka hana su girma. Samansu aka sare, amma saiwarsu tana nan, ta nutsa ƙasa tun zamanin kakanni, tana shan ruwa a inda saiwar gero ba ta taɓa kaiwa. Shi ya sa tohon kututture ke yin tsawon mutum cikin shekara ɗaya ko biyu, alhali dashen da aka kawo a leda yana fama da rana da awaki, yawancinsa ma ba ya ganin damina ta biyu.

A jihar Maraɗi ta Nijar aka fi sanin aikin renon tohon kututture har ya zama itace, kuma can ne aka raɗa masa suna sassaben zamani. Wani ɗan ƙasar Ostareliya mai suna Tony Rinaudo ya shafe shekaru yana raba dashe a ƙauyukan yankin, dashen yana mutuwa. Wata rana a 1983 ya tsaya a hanya don ya rage iskar tayar motarsa saboda yashi, sai idonsa ya faɗa kan wani ɗan kurmi a gefen hanya. Da ya duba ganyen, sai ya gane ashe itace ne da aka sare yake neman tashi. A yunwar 1984 aka haɗa aikin da rabon abinci, manoma suka bar itatuwa a gonakinsu, amma da rabon ya ƙare sai mafi yawa suka sare nasu. 'Yan kaɗan da suka bari su ne maƙwabta suka gani suka kwaikwaya. Bayan shekara ashirin, hotunan tauraron ɗan'adam suka nuna kusan hekta miliyan 5 sun farfaɗo a Nijar, da itatuwa wajen miliyan 200. Kada ka ɗauka abin baƙo ne a ƙasar Hausa. Tun ƙarni na 19 ake ba da labarin tsananin hukuncin da Sarkin Damagaram Tanimu ya sa kan mai sare gawo, kuma har yau wanda ya bi ta Magarya, Matamaye da Mirya zai ga gonaki a ƙarƙashin gawo iya ganinsa.

Mataki na farko: zagaya gonar kafin ka taɓa komai

Bayan kaka, da an kwashe amfani, ka shiga gonar ba da niyyar sara ba. Ka bi ta layi-layi, ka ƙirga duk kututturen da ke da toho da duk ɗan tsiron da ya fito da kansa. Idan da hali ka tafi da wani dattijo da ya san gonar tun tana daji, ka kuma tafi da uwargida, domin ita ta san wanda hayaƙinsa ba ya damun ido, da wanda ake miya da ganyensa, da wanda ake jiƙa wa yaro. Sau da yawa abin da namiji zai ce a cire, shi mace za ta ce a bari, kuma ita ke da gaskiya.

Gawo shi ne na gaba a zaɓe. Yana zubar da ganye da damina, don haka ba ya yi wa shuka inuwa, ganyen kuma ya zama taki a daidai lokacin da gero ke bukatarsa. Da rani ya yi kore, dabbobi su kwanta a gindinsa su bar kashi, 'ya'yansa kuma abincin awaki da tumaki ne a lokacin da babu ciyawa. Duk ɗan gawon da ka gani, ko bai wuce taƙi ɗaya ba, kafa masa sanda. Bayansa sai kalgo da sabara, waɗanda su ne mafi yawa a gonakin jigawa, suna tare yashi, suna ba da itacen girki da wuri. Sai masu 'ya'ya: magarya, aduwa, kanya, ɗanya, tsamiya, kuka, ɗorawa, goriba. Sai na katako da ƙotar fartanya irin su marke da ƙirya. Dalbejiya da turare kuwa ka bar su a kan iyaka, kada ka bari su cika tsakiyar gona, domin suna cinye ruwan shuka.

Nawa za ka bari? Ka fara da 40 zuwa 50 a hekta, a warwatse, tsakaninsu kamar taku goma sha biyar, yadda garmar shanu za ta wuce ba tare da wahala ba. Akwai manoman Maraɗi da suka haura 100 a hekta da suka ga amfanin abin, amma ba na ba mai farawa shawarar haka. Idan kana shakka, ware kwata ɗaya na gonar ka gwada a can, ka riƙa kwatanta shi da sauran.

Mataki na biyu: yankan

Nan ne aikin yake, kuma nan aka fi yin kuskure. Kututturen kalgo ɗaya zai iya fitar da toho ashirin ko talatin, duk suna rige-rigen abinci ɗaya, shi ya sa babu wanda ke zama itace a cikinsu. Ka durƙusa ka buɗa su da hannu. Ka zaɓi uku zuwa biyar mafiya kauri, mafiya miƙewa, waɗanda suka fito daga ƙasa-ƙasan kututturen, domin wanda ya fito daga can sama iska na saurin ɓalle shi. Sauran duka ka yanke su dab da gindi.

Waɗanda ka bari, ka rage musu rassan gefe daga ƙasa zuwa rabin tsawonsu, kada ka wuce rabi. Ganye shi ne bakin itace. Idan ka aske shi tas ka bar ɗan tukku a kai, zai yi tsawo siriri, iska ta lanƙwasa shi ko akuya ta taka shi ta karya.

Yadda kake riƙe addar ma yana da muhimmanci. Ka sara daga ƙasa zuwa sama. Shekarar da na fara wannan aiki a gonar gidanmu, da gatari marar kaifi na yi, ina sara daga sama kamar mai faskare. Kowane reshe da ya faɗo sai ya ja ɓawon jikin itacen ya ɗaye shi har ƙasa, kamar an feɗe akuya. Kafin damina gara ta shiga ta wuraren, na rasa fiye da rabin abin da na gyara, kuma abin ya yi mini ciwo ƙwarai, domin da hannuna na ɓata su. Ka wasa addarka kafin ka fita, ka tafi da dutsen wasawa a aljihu. Yankan da ya yi sumul yana warkewa cikin makonni.

Idan tohon suna da laushi, ka haɗa su ka ɗaure sako-sako da ɓawon kalgo, su jingina da juna. Sannan ka ɗaura wani tsumma mai launi a kai, ja ya fi, don duk mai wucewa da ɗan ƙodago su san wannan an bar shi ne da gangan. Rassan da ka yanke kada ka ƙone su. Ka baza su a ƙasa su zubar da ganye su tare yashi, bayan makonni ka kwashe itacen a kai gida. Masu ƙaya kamar magarya da aduwa ka kewaye ƙananan itatuwan da su.

Ba sau ɗaya ake yi a bari ba. Kututture zai ci gaba da turo sabon toho, don haka ka riƙa komawa duk bayan wata biyu zuwa shida kana cirewa. Lokacin noma da maimai ya dace da wannan, tunda kana gonar.

Mataki na uku: a zauna da mutanen gari

Zan daɗe a nan, domin a ganina itatuwan da suka mutu saboda rashin yarjejeniya sun fi waɗanda fari ya kashe. Mutum ɗaya ba ya iya tsare itace da rani. Gonaki a buɗe suke, dabbobi na yawo, mai neman itacen girki ya fito da asuba, makiyayi ya sassare rassan gawo don tumakinsa. Ka yi reno shekara biyu, dare ɗaya a sare, sai zuciyarka ta karaya, maƙwabcinka kuma ya ce dama ya faɗa.

Ƙauyen Ɗan Saga da ke yankin Agye a jihar Maraɗi ya yi suna ne saboda yadda ya warware wannan matsala. Sun kafa kwamitin sa ido da ya haɗa maza da mata, manoma da Fulani makiyaya, suka tsara dokokinsu da tararsu da kansu. Abin da za ka ɗauka daga gare su shi ne tsarin zaman. Ka fara da mai gari da liman, a kira taro. A gayyato arɗo tun ranar farko, domin dokar da aka yanke a bayan idon makiyayi ba za ta yi aiki a kansa ba. A faɗa a bainar jama'a cewa itacen da ke gonar mutum nasa ne. A fayyace wane irin sassaka aka yarda makiyayi ya yi, nawa ne tarar wanda ya sare daga gindi, hannun wa kuɗin ke shiga, me za a yi da su. A bar burtali a buɗe, kada wani ya fake da renon itace ya cinye hanyar shanu. Kuma a yi wa gwauraye da marasa gona tanadi, a ba su damar kwasar rassan da aka rage, in ba haka ba dole su shiga da dare.

Makiyayi yana da riba a cikin wannan aiki, kuma ya kamata a faɗa masa ita: 'ya'yan gawo da na kalgo da ganyen aduwa su ne ke riƙe dabba a ƙarshen rani. Manomi ma yana bukatarsa, domin ƙwayar gawo ta fi tsirowa bayan ta bi ta cikin dabba.

Sai batun hukuma. A da, abin da ya sa manoma da yawa ke cire tsiro tun yana ƙarami shi ne tsoron ma'aikatan gandun daji, tunda doka ta mayar da itace na gwamnati, mutum ya biya tara a kan abin da ya tsiro a gonarsa. A Nijar an gyara dokar daji a 2004, sannan a 2020 aka fitar da doka ta musamman da ta tabbatar wa manomi haƙƙin itacen da ya rena. Ko ina kake, ku je wurin jami'in gandun daji na yankinku kafin ku fara, ku nuna masa dokokin da kuka tsara, ya san da zamanku. Wanda ke noman gonar aro ko ta jingina kuma ya yi magana da mai gona a gaban shaidu kan wanda zai ci amfanin itatuwan.

A hana ƙona gona. Wutar sassabe ɗaya ta isa ta mayar da aikin shekara biyu toka.

Mataki na huɗu: inda ya zama fako

Akwai wuraren da ko kututture babu, ƙasa ta daskare tana ƙyalli kamar daɓe. Nan sai tassa, wato ƙananan ramuka da ake haƙawa a zuba taki don su tare ruwa a yi shuka a ciki. Manoman Yatenga a Burkina Faso ne suka inganta wannan dabara, cikinsu har da marigayi Yacouba Sawadogo, wanda aka karrama shi tare da Rinaudo da lambar yabo ta duniya a 2018. A 1989 wasu manoman Illela ta jihar Tawa suka je can suka gani da idonsu, suka dawo suka gwada, har ta kai fakon da a da ba mai so ya zama abin saye da sayarwa a yankin.

Da rani ake haƙawa, tun hunturu, kafin zafi ya tsananta. Kowane rami faɗinsa santimita 20 zuwa 30, wato kamar bakin ƙwarya, zurfinsa 15 zuwa 20. Tsakanin rami da rami taku ɗaya. Kada layukan su daidaita: ramin layi na biyu ya faɗa tsakanin biyu na layin farko, yadda ruwan da ya kuɓuce wa na sama zai faɗa na ƙasa. Ƙasar da ka haƙo ka tara ta a gefen gangare, ta zagaye rabin bakin ramin, ɓangaren da ruwa ke fitowa kuma ka bar shi a buɗe. Wanda ya juya wannan ya yi aikin banza, domin ya toshe wa ruwa ƙofa.

A kowane rami ka zuba taki cikin tafi biyu, ka ɗan yayyafa ƙasa a kai don iska kada ta kwashe. Takin da ya ruɓe ya fi, ɗanye yana ƙona tsiro idan ruwa ya yi jinkiri. Daga nan ka bar wa gara sauran aikin. Takin ne ke jawo ta, ta huda ƙasa ta yi hanyoyi, ruwan farko ya bi ta nan ya nutse. Iskar rani kuma tana tara ganye da ƙura a ramukan. Da an yi ruwan shuka ka jefa gero ko dawa, bayan tsiro ka cire ka bar uku ko huɗu. Za ka ga 'ya'yan itatuwa sun tsiro daga cikin takin. Kada ka nome su duka, ka zaɓi wasu ka rena kamar yadda aka bayyana a sama.

Aikin yana da nauyi. Hekta ɗaya tana cin rami dubu goma ko fiye, kusan awa 300 na haƙa a ƙasa mai tauri. Kada ka ce za ka gama a shekara ɗaya. Ka yi abin da takinka zai isa, ko ku yi gayya, yau gonar wannan gobe ta wancan. Kuma tassa ba ta jigawa ba ce, ramin yashi rushewa yake yi, ba ta fadama ba ce, ruwa zai kwanta ya kashe shuka.

Inda fakon ke da faɗi da ɗan gangare, musamman makiyayar gari, rami mai siffar rabin wata ya fi sauri. A zana rabin da'ira mai faɗin mita 4, bakinta na kallon inda ruwa ke gangarowa, a sassaƙe cikin kamar santimita 15 zuwa 25, a tara ƙasar a bayan lanƙwasar a daddanna. Hekta tana ɗaukar kusan 300, su ma a saɓa layukansu. A ciki a watsa irin ciyawa, a shuka ɗakwara ko bagaruwa. Idan akwai duwatsu a kusa, a jera su a kan layin da ya yi daidai wa daida, a gicciye gangaren. Doguwar tiyo mai haske da aka cika da ruwa ta isa auna wannan layi: inda ruwan bakin nan da na bakin can suka tsaya a tsawo ɗaya, nan ne daidai.

Bayan babban ruwa ka je ka duba. Inda ya fasa ka toshe a ranar. Ruwan da ke cikin rabin wata ya kamata ya nutse cikin kwana ɗaya ko biyu. Idan ya kwana huɗu ko biyar yana nan, ka sassaƙe ƙasan da diga ka zuba kara da taki, domin ruwan da ya kai mako a kwance sauro ne zai ƙyanƙyashe a ciki, ga shi kusa da gari.

Tsoron inuwa da tsuntsaye

Za a ce maka itace na jawo tsuntsun jan baki, kuma inuwa na kashe gero. Maganar inuwa gaskiya ce idan an bar itace ya yi cunkus, maganinta kuma rage rassan ƙasa gab da damina. Jan baki kuwa ko gona ba ta da itace ko ɗaya yana sauka, yayin da tsuntsayen da ke kwana a itatuwan gona da yawansu fara da tsutsa suke ci. Abin da za ka fara lura da shi tun damina ta biyu shi ne shukar da ke bayan kalgo ba ta binnewa, ƙasar gindinsa kuma tana riƙe danshi bayan ta fili ta bushe.

Abin da zai shiga tukunya

Kada a bar amfanin ya tsaya a kasuwa. Ganyen kuka yana da sinadaran gina ƙashi da ƙara jini, amma a shanya shi a inuwa ya bushe yana kore, rana tana rage masa amfani. Garin 'ya'yan kuka a kunun yara, magarya, kanya, goriba da daddawar ɗorawa duk suna zuwa ne a lokacin da rumbu ya fara sauka. Magaryar gida ana iya yi mata aure da wani iri mai manyan 'ya'ya da cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai ta yaɗa, a kan kututturen da ke gonarka. Anza tana ceton rai a shekarar yunwa, amma sai an jiƙa ta kwanaki ana sauya ruwa har ɗacin ya fita sarai, in ba haka ba tana cutarwa. Saiwa da sassaƙe na magani kuma a ɗiba ta gefe ɗaya, kada a ɗaye ɓawon itace a zagaye shi, kuma zazzaɓi ko gudawar yaro asibiti ake kai su.

Itacen girki a gona yana nufin mace ba za ta yi tafiyar rabin yini da ciki ko da goyo ba, kuma kashin shanu da kara da ake ƙonawa a murhu za su koma gona.

Daga shekara ta biyu ko ta uku za ka fara girbi. A cikin toho biyar da ka bari, ka sare ɗaya kowace shekara don girki, ko dirka, ko sayarwa, ka bar sabon toho ɗaya ya maye gurbinsa. Mafi kyawun cikinsu kada ka taɓa shi, shi za ka bari ya zama babban itace. Da ya yi kaurin cinya, sai ka rage sauran a hankali, ka koma sashe na gaba na gonar da addarka da jan tsummanka.